Mai zane a gida: a zaɓi fentin da zai zauna lafiya da yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka in yi magana da masu zane da fenti a nan Kano, musamman waɗanda ba su da shago, a cikin iyali suke aiki. Da yawa sukan jingine buroshi da zarar an fara haihuwa, su ce babu lokaci. A ganina sau da yawa ba lokacin ba ne, irin fentin ne da inda ake ajiye shi.

Fentin mai yana da kyau, amma ba na gidan da yaro ke rarrafe ba ne. Shafi ɗaya kan yi kwana biyu zuwa mako bai bushe ba, a hunturu kuwa duk ƙurar da ta sauka a kai ta zauna ke nan. Ga warin tina, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, a ɗakin da ake kwana. Fentin akirilik kuwa da ruwa ake tsinka shi, kuma cikin minti 20 zuwa 30 ya bushe. Saurin nan shi ne kuma aibinsa, don a zafin Afrilu fentin da aka matsa a faranti kan yi ɓawo kafin a juya. Maganinsa robar abinci mai murfi: a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki, a ɗora takardar gashin kek, a matsa fentin a kanta. In yaro ya yi kuka ko an yi sallama, a rufe, a ɗauraye buroshi, a tashi. Fentin zai kai kwana biyu ko uku. Ya wuce haka sai funfuna. Kada dai a bar buroshi tsaye cikin ruwa ya kwana, gashin zai lanƙwashe, katakon ya kumbura.

Haɗa launi aikin rana ne. Hantsi bayan yara sun tafi makaranta ya fi, sai la'asar in sun wuce Islamiyya. Hasken fitilar sola yaudara gare shi, abin da ka haɗa da dare da safe sai ka ga wani launi daban. A bar wa dare zanen fensir da shirya yadi. Farin akoko daga Kantin Kwari ya isa: kafinta ya haɗa firam, a ja yadin ya yi tsam, a gauraya emulshan, wato fentin bango na ruwa, kashi biyu da farin gam kashi ɗaya, a yi shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe tukuna. Yadin da ba a yi wa haka ba shanye fenti yake yi. A shirya huɗu ko biyar a zama ɗaya, kuma wannan aikin manyan yara za su iya kamawa.

Inda na fi son a ji ni shi ne ajiya. Wanda ya nace sai fentin mai, to ya koma soro ko inda iska ke ratsawa. Kada a kuskura a zuba tina ko kananzir a gorar lemo, haka yara ke kurɓa. In hakan ta faru, ba a sa yaro amai, ba a ɗura masa manja ko madara, domin haɗarin shi ne abin ya shiga huhu. Asibiti za a nufa nan take. Tsumman da ya sha man fenti ba a dunƙule shi a kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a waje ko a jiƙa shi da ruwa cikin gwangwani mai murfi. A kuma duba rubutun jikin tub ɗin fenti: wasu ja da rawaya na ɗauke da sinadarin kadmiyom, wani farin kuma dalma, duka biyun kuwa guba ne. Duk a zuba su a akwatin ƙarfe a sa kwaɗo. Kofin wanke buroshi kuwa kada ya haɗu da kwanukan kicin.

Yaro ba ya barin abin da aka hana shi, don haka a ba shi tasa takardar da fentin ruwa na 'yan makaranta, a shimfiɗa masa tsohon buhu a gefe. Kuɗin kayan aiki ma a ware shi daga na cefane tun farko, maigida ne mai zanen ko uwargida.

Zanen da aka gama kada a jingine shi a ƙasa da damina, a ɗora a kan katako nesa da bango. Kada kuma a haɗa fuskar akirilik biyu, zafi kan manne su, wajen rabawa fentin ya ɓantare.

Wassalam,
Wani mai zane, Kano