Gasar dogayen benaye a ƙasashen Larabawa abin dubawa ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wannan gasa ta gina dogayen benaye da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa a gaba, don tun da aka ce an koma aikin Jeddah Tower, dogon benen da ake ginawa a Jidda ta Saudiyya, a farkon 2025 mutanenmu ke ta yaɗa hotuna a Facebook ana Masha Allah Musulmi sun ci gaba, ni kuwa wallahi abin damuna yake yi.

A duba na Dubai ɗin da kowa ke kafa hujja da shi. Burj Khalifa tsawonsa mita 828 ne, an fara shi 2004 aka buɗe a Janairun 2010, amma da yawa ba su san Burj Dubai ne sunansa tun asali ba, sai ranar buɗewa aka sauya. Dalili kuwa bashi ne ya yi wa Dubai katutu a ƙarshen 2009 har kamfanin Dubai World na gwamnatin Dubai ya nemi a ɗaga masa ƙafa, Abu Dhabi inda ainihin man yake ita ta kawo ɗauki da dala biliyan 10, shi ne aka liƙa wa ginin sunan sarkinta na lokacin Sheikh Khalifa bin Zayed. Sannan wajen mita 244 na can ƙololuwa tsinin ƙarfe ne kawai, ba ofis ba ɗaki ba mai kwana a ciki, an ɗora shi ne don kar wani ya kamo su. Eh na yarda ginin ya jawo masu yawon buɗe ido kuma filayen kewayensa sun yi tsada, wannan ba mai musu.

Amma su wa suka gina? Leburori ne daga Indiya da Pakistan da Bangladesh, da yawansu sai da suka ci bashi ko suka jinginar da gona suka biya ejan kafin a ba su biza, suna sauka mai gida ya karɓe fasfo, a tsarin kafala kuwa, wanda ya ɗaure bizar lebura da mai gidansa, barin aiki ba da izininsa ba babbar magana ce a lokacin. Tun duku-duku ake kwaso su a bas daga sansanoni irin Sonapur inda mutum takwas ko goma ke cushe a ɗaki ɗaya, su wuni suna ɗaure rodi cikin zafin da ke haura digiri 45, da tsakar rana ka ga mutum ya shimfiɗa kwali a inuwar katanga ya yi matashi da hular kwanonsa. Zafin ya kai har gwamnatin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3 a watannin zafi. A Maris ɗin 2006 ma'aikata a wurin ginin nan sun yi bore suka farfasa motoci da ofisoshi saboda ƙarancin albashi da wulaƙanci, yau wa ke tuna wannan in ana wasan wuta a jikin benen daren sabuwar shekara?

Na Jidda kuma an fara shi 2013 da nufin ya haura mita 1,000, wato dai a doke Dubai. A Nuwamban 2017 aka tsare Yarima Alwaleed bin Talal, wanda kamfaninsa ke cikin masu ginin, da shugaban kamfanin Binladin mai kwangilar a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyadh, 2018 aiki ya tsaya cak, kangon hawa sittin da 'yan kai ya yi shekaru a tsaye ba mai amfana da shi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Makka. An rushe tsohuwar ganuwar Ajyad ta zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa a 2002, Turkiyya ta yi ta ƙorafi ba a saurare ta ba, aka dasa benen agogon nan mai mita 601 a bakin Harami. Yanzu mai ɗawafi in ya ɗaga kai agogo yake gani ya rufe sama, mai kuɗi yana ɗakin otal yana leƙo Ka'aba daga bisa, talakan alhaji kuwa an tura masaukinsa nesa sai ya hau bas ko ya sha tafiya kafin ya samu jam'i. Kuma duk mun karanta hadisin Jibrilu tun muna Islamiyya, inda Annabi (SAW) ya lissafa cikin alamomin tashin alƙiyama cewa za a ga matalauta marasa takalmi makiyayan tumaki suna gasar tsawaita gine-gine. Ni ba malami ba ne ba zan yanke wa kowa hukunci ba, amma ya kamata a ce wannan ya sa mu ɗan dakata kafin mu yi ta tafi.

Roƙona gare ku Edita, duk sanda za ku buga labarin Jeddah Tower ko wani sabon bene, ku nemo mana har da albashin leburan da awa nawa yake yi a rana da ko fasfonsa na hannunsa, ku kuma tuntuɓi malamanmu su yi mana bayani kan halin da kewayen Harami yake ciki.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku a kullum.