Sanarwa ga ƴan rukuni kan awon hawan jini

Assalamu alaikum, iyayenmu, malamai da ƴan uwa na wannan zaure.

Muna roƙon duk wanda ya haura shekara 30 ya je asibitin garinmu a auna masa jini, ko da yana jin ƙarfinsa garau, domin hawan jini kan daɗe a jikin mutum yana ɓata zuciya da ƙoda ba tare da ko ciwon kai ba, har ranar da zai faɗi a gona ɓarin jikinsa ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu cutar ba su san suna da ita ba. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban, to lokacin ganin likita ya yi.

Abin da ya fi damuna shi ne tukunyarmu. Hukumar ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, alhali miyar kuka ɗaya kan sha gishiri da dunƙule da kanwa. Binciken da likitoci suka yi a Zariya tun shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, don haka iyayenmu mata a sassauta hannu, kuma mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashinta ya yi sama a garzaya da ita asibiti.

Wanda likita ya ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.