Wasiƙa daga Birmingham: ɗan birni ya koma lambu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya iyali, ya zafin Kano? Ka ce in faɗa maka abin da ya hana ni zaman gida ranar Asabar. To ka riƙe dariyarka: lambu ne.

A nan Ingila hukumar gari tana yanka fili ta ba mazauna haya su yi noma, kuma tun 1908 doka ta ɗora mata wannan nauyi. Cikakken kaso yakan kai murabba'in mita 250, ni rabi na karɓa, shi ma sai da na daɗe a layi. Birmingham kaɗai tana da irin waɗannan wurare fiye da 100.

Kada ka zaci riba nake ci. In aka lissafa kuɗin iri da taki da abin da dodon koɗi ke cinyewa cikin dare, gara in je kanti. Kuɓewa ta ƙi sam, sanyi ya yi mata yawa. Amma albasa da dankalin turawa da alayyahu sun karɓa.

Abin da na samu a jikina ne. Likitocin nan suna cewa babba ya motsa jiki minti 150 a mako, ni kuwa daga kujerar ofis sai ta mota. Yanzu tura baro da kaftu sun biya min wannan bashin, barci kuma sai an tashe ni. Har asibitocin unguwa kan tura mai fama da kaɗaici ko damuwa zuwa lambun jama'a.

Kaɗaicin nan shi ne babban ciwon garin, malam. Sai ka shekara ba ka san sunan maƙwabcinka ba. A lambu kuwa dole a yi magana, tunda famfo ɗaya muke sha. Wani dattijo ɗan Jamaika da ke gefena ya leƙo ya ga yadda na cunkushe alayyahu, ya girgiza kai, ya tsuguna ya tsinke rabi ba tare da ya tambaye ni ba. Da suka yi kyau, har gida na kai masa miya. Wata baiwar Allah 'yar Bangaladash kuma duk kaka sai ta raba mana duma.

In wani zai taho, don Allah ka aiko min da irin yakuwa da rama, zan gwada su a ɗakin gilashi, amma bari in fara bincika ko kwastan za su bari. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce ina neman addu'a.

Naka har kullum,
amininka na Birmingham