Mai riƙe da baƙi a wasan ces ya san dalilin kowane motsi kafin hadda

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Don Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu koyon wasan ces, musamman waɗanda gabansu ke faɗuwa in suka tashi da baƙaƙen 'ya'yan wasa. Fari shi ke fara motsi, to sai mutum ya je ya haddace buɗi guda, wato tsararren jerin motsin fara wasa, tun daga farko har motsi na goma sha biyar, ranar wasa kuma abokin karawa ya kauce tun a motsi na biyu, shi kenan sai ka ga mutum ya yi tsuru-tsuru yana kallon allo, agogo na ta cin lokacinsa.

Ni shawarata ga sabon shiga ita ce buɗin da ake kira Caro-Kann. Sunan mutum biyu ne, Horatio Caro da Marcus Kann, tun 1886 aka buga nazari a kansa, kuma Anatoly Karpov da ya riƙe kambun duniya daga 1975 zuwa 1985 ya daɗe yana kare kansa da shi. Kowane gida a allon ces yana da suna na harafi da lamba. Fari ya tura soja e4, kai ka sa naka sojan a c6, ya ƙara d4, ka sa d5. Me ya sa c6 tukuna? Saboda in ya ci maka d5 kana da sojan da zai rama ya tsaya a tsakiya, sannan bishof ɗinka na c8 hanyarsa a buɗe take, zai fita f5 ko g4 kafin ka rufe da e6, saɓanin buɗin Faransa inda bishof ɗin nan ke zama a kulle bayan sojojinsa. Akwai tsadarsa fa, gidan c6 na doki ne ka ba soja, kuma fitowarka za ta ɗan yi nawa. Wanda ya gane wannan ya riga ya riƙe rabin buɗin.

To yanzu a ce fari ya kawo abin da ba ka taɓa gani ba, misali a motsi na biyu ya fito da bishof c4. Kar ka firgita, ka tambayi kanka me yake nema. Sojan f7 yake hari, wanda sarki kaɗai ke tsaronsa. Ka tura d5 ɗinka da ma ka yi niyya, ka toshe masa hanya kuma ka kai wa bishof ɗin hari, shi ne ma zai ɓata lokaci. Haka in ya buɗe da b3 ko g4 ko wani abu can na gefe, ka kama tsakiya, ka fito da dawakai da bishof, ka ɓoye sarki.

Amma wallahi abin da ya fi cin mutane shi ne motsin da ya yi kama da shirme. Ga misali, a sa a allo a gani. Bayan e4 c6, d4 d5, fari ya kawo doki c3, ka ci e4, dokinsa ya rama, kai ka sa doki d7. Sai ya ɗora sarauniya a e2, gaban bishof ɗinsa, ka ce ai wannan bai iya ba, hannunka ya tafi kai tsaye ga ɗaya dokin ka kai shi f6 yadda ka saba. Dokinsa ya dira d6, wasa ya ƙare a motsi na shida! Sojanka na e7 ba zai iya cin dokin ba don sarauniya na kallon sarki ta bayansa, sarkin kuma 'yan gidansa sun kewaye shi ba inda zai taka. Shahararren ɗan wasan ces Paul Keres ya kama wani da irin tarkon nan a 1950, a gasar manya. Da mutum ya tsaya ya duba layin da sarauniyar ta hau, e6 kawai ta isa.

Kuma kar a ɗauka ƙananan 'yan wasa kaɗai abin ke samu. A 1997 a New York, wasa na shida tsakanin Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, da kwamfutar Deep Blue, Caro-Kann Kasparov ya buga, ya tura h6 a motsi na bakwai, kwamfutar ta sadaukar da doki a e6, sarkinsa ya rasa wurin fakewa, a motsi na 19 ya miƙa wuya.

Shi ya sa nake roƙon masu koyarwa su rage ɗora wa yara dogayen jerin motsi. A zaunar da yaro, a yi masa motsin da ba ya cikin littafi da gangan, a ce ya faɗi abin da ake hari kafin ya taɓa komai. Ku ma Malam Edita in da hali ku ware ɗan gurbi a shafin wasanni, ko sau ɗaya a mako, a riƙa sa hoton allo da tambaya guda, masu karatu su aiko da amsa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum