Zuwa ga abokan cinikinmu, kan akwatin nan da muke kafa muku a bangon ofis

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi, iyayen gidanmu, muna gaisuwa da fatan kasuwa na tafiya, iyali kuma suna lafiya. Takardar ta ɗan yi tsawo, a yi mana haƙuri. Tambaya ɗaya ce ta ishe mu tun shigowar damina, a waya da kuma a shago: "Ni fa intanet kawai na ce a sa min, me ya kawo maganar akwati da batir da layi biyu?" Amsar ba ta tsaye a bakin ƙofa ba ce, shi ya sa muka ga gara mu zauna mu rubuta sau ɗaya.

Akwai wani Alhaji dillalin atamfa a Kantin Kwari. Shekara da shekaru duk masu sarin kaya a wurinsa, na Maiduguri da na Maraɗi da na Damagaram, lambar yaronsa suka sani. Sim ɗin kuwa da sunan yaron da lambar NIN ɗinsa aka yi masa rajista. Allah ya buɗa wa yaro, ya kama nasa shagon, aka yi sallama lafiya har da addu'a, ya tafi da wayarsa a aljihu. Kwastomomi lamba suka bi, ba fuska ba. Ranar da Alhaji ya zo wurinmu bai zagi kowa ba. Cewa ya yi, "Ashe ni haya nake a lambar shagona ban sani ba." Wannan maganar tasa ita ce gindin duk abin da za mu faɗa a nan: lambar ofis da intanet ɗin ofis su zauna a ofis, mukullinsu kuma a hannun mai gida.

Akwatin da muke kafawa, wanda ake kira rauta, zaure ne. A gidan Bahaushe babu mai shiga cikin gida sai ya ratsa zaure, babu mai fita sai ta nan, baƙo kuma a nan yake tsayawa ya yi sallama. Ta waje layuka ne suke shigo masa: faiba, wato igiyar intanet mai zaren gilashi, idan ta iso unguwarku, ko sim na MTN, Airtel ko Glo, ko faifan Starlink mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam. Ta ciki kuwa kwamfutoci ne da firinta da kyamarori da wayoyin tebur, har da injin POS idan mai hawa waifai ne. Shi yake ba wa kowace na'ura lambarta ta cikin gida, shi yake tare duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje ba a gayyace shi ba, shi ne kuma yake yanke wa zai fara wucewa idan hanya ta cushe. Yawanci MikroTik muke sawa, na wani kamfani a ƙasar Latbiya, domin yana jure wahala kuma ana samun kayansa a kasuwa. Wani lokaci ƙaramar kwamfuta ce mai pfSense a ciki. Sunan ba shi ne abin damuwarku ba.

Maganar layi biyu, ku tuna 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi. Igiyoyin intanet huɗu da suka bi ta ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka samu matsala lokaci guda. Tiransifa ta maƙale, mai kaya da mai saye suna kallon juna suna jiran alat. Irin wannan ba kullum take faruwa ba. Wadda muke gani a kai a kai ita ce katafila ta tsinke faiba wurin aikin titi ko na kwalbati, ko turken sabis na unguwa ya yi shiru. Idan akwatin yana da layi na biyu, da ya ga na farko ya daina amsawa sai ya juya da kansa cikin 'yan daƙiƙu, ba sai an kira mu ba. Amma sim biyu na kamfani ɗaya ba layi biyu ba ne, rijiya ɗaya ce da guga biyu. Kuma ba ma zaɓa muku kamfani daga shago. Sai mun zo da sim ɗin kowanne mun gwada a cikin ɗakin da za a yi aikin, da safe da kuma bayan la'asar, domin wanda ya fi ƙarfi a Hotoro yana iya zama kurma a cikin lungun Sabon Gari.

Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko da ya fara aiki a Afirka, kuma ya taimaki masu masana'anta da rumbunan ajiya a gefen gari irin su Dawanau da Challawa. Sai dai yana son sararin sama babu bene ko bishiya a gabansa, ruwan sama mai ƙarfi yana rage masa gudu, kuma cin wutarsa ya ninka na rauta sau da yawa. Duk wanda zai sa shi ya lissafa da batir tun farko.

Yanzu waya, wadda ita ce mutane suka fi raina wa har sai sun ɗanɗana. Manyanmu sun tuna zamanin NITEL da lambar Kano 064, wayar tebur mai igiya. Abin da muke yi yau shi ne dawo da wayar tebur ɗin, amma murya ta cikin intanet take bi. Wani ƙaramin akwati ne daban, na Grandstream ko Yeastar, ko manhajar FreePBX da aka gina a kan Asterisk, ita Asterisk ɗin kuwa tana nan tun 1999. Lamba ɗaya duniya ta sani. Idan an kira, tebur na gaba ya fara ƙara. Ba a ɗauka ba, ta wuce wurin akanta. Nan ma shiru, ta faɗa wayar hannun mai gida. Kowane tebur da 'yar lambarsa, 101, 102, 103, kuma kira tsakaninsu ba ya cin ko kwabo. Mai kula da sito ya daina leƙowa ta taga yana ƙwala wa manaja kira. Ana iya kawo lambar ta hanya biyu: layin murya daga kamfanin da ke da lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ko kuma ƙaramar na'ura mai ɗaukar sim. Kowacce aka zaɓa, rajistar ta kasance da sunan kamfani ko na mai gida. Wannan ba ma sassautawa a kansa.

Wasu suna cewa, "Muryar tana yankewa, a ƙara mana data." Ba a nan gizo yake saƙar ba. Kira ɗaya bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba ta kowane ɓangare, kira huɗu a lokaci guda ba su cika rabin megabit ba. Murya ba mai ci ba ce, mai gaggawa ce. Idan jinkirinta ya wuce kamar milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), nan za ku fara hawa kan maganar juna, kowa yana "Hello, kana ji na?" Abin da ke jawo haka sau da yawa, wani ne a ofis yake ɗora bidiyo a TikTok, ko kwamfuta ta kama sabunta Windows da tsakar rana, ko kyamarori suna tura hoto waje ba dare ba rana. Hanyar fita ta toshe kamar 'Yan Kura da yamma. Gyaran shi ne a koya wa zauren ya riƙa buɗe wa murya hanya irin yadda ake kauce wa motar asibiti, sauran kaya su jira. Aikin minti goma ne, amma sai akwai akwatin da za a gaya wa. Kuma tun da NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, sanin wace na'ura ce take shanye datar wata ya zama abin lura. Akwatin yana nuna wannan, na'ura bayan na'ura.

Akwai laifin da mu muka yi, kuma ya kamata ku ji shi daga bakinmu. Wani mai ofis a Bompai zai tafi Umara, ya ce yana so ya riƙa amsa kiran ofis daga can. Don mu sauƙaƙa masa, muka bar ƙofar da wayoyi ke shiga ta cikinta, mai lamba 5060, a buɗe ga duniya, kalmar sirrin tebur ɗinsa kuma ba ta da wani ƙarfi. Ba mu yi tunanin wani zai damu da ƙaramin ofis a Kano ba. To ɓarayin intanet ba sa tambayar girman ofis. Injina ne suke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna taɓa wannan ƙofar. Daga daren Juma'a zuwa safiyar Litinin aka yi ta buga lambobin ƙasashen waje da layinsa har kuɗin ciki ya ƙare ƙarƙaf. Mun biya, mun ba da haƙuri, kunyar kuma har yau ba ta sake mu ba. Tun daga ranar ƙofar nan a rufe take a duk inda muka yi aiki. Mai son amsa kira daga nesa muna haɗa masa ɓoyayyar hanya ta WireGuard a wayarsa. Kiran ƙasar waje a kulle yake sai wanda mai gida ya ce a buɗe wa, kuma muna sa iyakar abin da layi zai iya kashewa a rana.

Sai wuta. Rauta ba ta cin abin a zo a gani, kamar wat 10 zuwa 15 ne. Matsalar ita ce 'yar tazarar nan tsakanin ɗauke wuta da lokacin da yaro zai je ya ta da janareta. Akwati ya mutu, kira ya tsinke, kafin ya farfaɗo ya nemo layi an ci minti biyu ko uku, a rana kuma sau nawa? Shi ya sa daga yanzu ba za mu kafa akwati babu batirinsa ba, ko ofishin yana da inbata da sola, sai dai idan mun ga soket ɗin yana kan inbatar da idonmu. Wayoyin tebur kuwa ta cikin kebul ɗin intanet suke shan wuta daga suwic, na'urar da ke raba kebul zuwa kowane tebur, don haka batir ɗaya ya riƙe su duka.

A nan ne kebul yake tona asiri. Akwai mai jan ƙarfe zalla, akwai alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kwalinsu iri ɗaya, farashi ne ya bambanta. Idan kuna so ku gane, ku fere bakin waya ɗaya ku kankare da wuƙa. Fari ya fito, a mayar wa mai shi. Na bogin yana aiki wata biyu uku, daga nan wayar tebur ta fara mutuwa tana tashi ba dalili. Ko mai kyan ma ba a ja shi fiye da mita 100. Tsakanin gini da gini kuwa mun daina jan kebul ɗin ƙarfe gaba ɗaya, sai faiba, domin tsawa ɗaya ta watan Agusta tana iya biyo shi ta ƙone suwic a ɓangare biyu. Don Allah kuma kada a kulle akwatin a cikin kabad don kyan gani. Zafin Afrilu a Kano yakan wuce 40 a ma'auni, ƙurar hunturu kuma tana toshe masa hanci. Ɓera ma yana da nasa rabon idan kebul bai shiga bututu ba.

Waifai na baƙi daban muke ware shi da na aiki, don wanda ya zo jiran Alhaji ya samu ya duba WhatsApp ba tare da ya hango kwamfutar akanta ba.

Abubuwa biyu ne ba ma yi, kuma an sha tambaya. Ba ma haɗa na'ura mai tarin sim don shigo da kiran ƙasar waje a mayar da shi kamar na gida. NCC ta haramta, kuma da sunan mai sim ɗin za a zo nema. Naɗar muryar kira kuwa akwatin waya yana iyawa, amma ba za mu kunna ba sai ma'aikata sun sani, mai kira ma an sanar da shi. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ban da ita ma amana ce.

Ga sabon abin da ya shafi kowa, tsofaffin kwastomomi da sababbi. Ranar da muka gama aiki za mu miƙa wa mai gida ambulan a hannunsa, ba hannun yaro ba. A ciki akwai kalmomin sirri duka, da zanen inda kowane kebul ya bi, da kwafin saitin akwatin a filas. Mun ga ofisoshin da wanda ya yi musu aiki ya ɓace da kalmar sirri, sai da aka rushe komai aka faro daga tushe. Idan gobe kun ga wanda ya fi mu, ku ba shi ambulan ɗin ya ci gaba, ba gaba. Waɗanda muka yi wa aiki a baya, za mu bi ku ɗaya bayan ɗaya cikin makonnin nan mu kawo naku, mu duba ƙofar nan ta 5060, ba za ku biya komai ba.

Kuma ba kowa ne yake buƙatar duk wannan ba. Mai shago shi kaɗai da yaro ɗaya, 'yar MiFi da sim mai sunansa sun ishe shi, in ya zo ma haka za mu gaya masa. Maganar akwati tana farawa ne idan tebura sun kai huɗu ko biyar, ko kuma kiran da ba a ɗauka ba ya fara zama asarar ciniki.

Idan abu ya tsaya, kafin a kira mu a ɗauki hoton fitilun gaban akwatin a turo, rabin matsalar a nan muke gane ta. A kashe a kunna sau ɗaya babu laifi. Amma ɗan ramin nan na baya da ake zura tsinke a ciki, don girman Allah a ƙyale shi; yana goge duk saitin ne, ya mayar da akwatin kamar yau aka ciro shi daga kwali. Ranar Juma'a muna rufewa daga ƙarfe 12 zuwa bayan an sauko daga masallaci, amma lambar shago tana faɗawa wayar wanda yake kan aiki.

Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Naku,
yaranku masu haɗa intanet da wayar ofis, Zoo Road, Kano