Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Lambu a Jos, da Abin da Muka Gani a Gwajin Dogon Latas

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu dattawa, iyaye mata da sauran 'yan'uwa masu lambu, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Ga rahoton abin da ƙungiya ta yi tun daga ranin bara zuwa yau. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa ranar taro, don haka ba zan shiga cikinsa ba.

Mun yi rashin biyu daga cikin dattawanmu a bana. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙurin rashi. Ina so in yaba wa matasanmu a nan: ɗaya daga cikin mamatan ya bar kabeji bai nuna ba, su suka riƙe masa ban ruwa bi da bi har aka cire, aka sayar, aka kai wa maiɗakinsa kuɗin ba a taɓa ko kwabo ba.

Ayyukan da muka saba sun tafi yadda suka saba. Mun haɗa kuɗi mun sayi kashin kaji a dunƙule daga gidajen kaji na wajen Bukuru, an raba wa kowa gwargwadon abin da ya zuba. An gyara injin ban ruwa na ƙungiya sau biyu, an sake masa mesa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin noman ranimmu, kuma maganar injin mai aiki da hasken rana har yanzu tana gaban kwamiti, kuɗinta bai taru ba.

Babban aikin bana shi ne gwajin ganyen nan da muka laƙaba wa suna dogon latas, wanda da yawanku ke tare ni a hanya kuna tambaya a kansa.

Kowa a nan ya san halin latas ɗinmu na kullum. Jos na kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma sanyin nan ne ya sa motoci ke ɗibar latas da kabeji da karas daga kasuwar Farin Gada zuwa Abuja da kudu. Amma ko a garinmu latas ɗan lallaɓa ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yakan yi yadda ake so. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo sai ya miƙe ya yi kara, ya fara neman fure, ganyen ya ƙanƙance ya yi ɗaci. In damina ta kankama, Yuli da Agusta, ruwa ya kwanta masa a gindi ya ruɓe. Waɗannan watannin ne muke neman abin da zai toshe mana.

Dogon latas ɗan'uwan namu ne na jini. Masana na kiran namu Lactuca sativa, shi kuma Lactuca indica. Asalinsa gabashi da kudu maso gabashin Asiya ne, ana cin sa a Sin da Indonesiya da Malesiya, inda zafi da ruwan sama suka haɗu. Ba ya dunƙulewa. Kara guda yake yi ya miƙe, ganye na fita kewaye da shi, dogaye masu tsini, wani ya kai santimita 30. In aka bar shi ya kai ga fure yana iya yin mita 2, ya wuce kan mutum. Ka tsinki ganyen, farin ruwa kamar nono zai fito. Wata 'yar'uwarmu Bayarabiya da ta fara ganinsa cewa ta yi ai yanrin ne da suke miya da shi. Dangi ɗaya ne, amma ba shi ba ne. Irin dogon latas ɗin kuwa wata baiwar Allah mai ɗan lambu a bayan gidanta ta ba mu, cikin ambulan, bai cika cokali biyu ba.

Yafin farko, a farkon Fabrairu, ya ƙi fita. Ni na yi shi, kuma kuskuren nawa ne: na rufe irin da ƙasa mai kauri don gudun kada iska ta kwashe. Irin latas yakan so haske kafin ya tsira. Rabin abin da aka ba mu ya tafi a nan, kuma na ji zafin abin ƙwarai. A karo na biyu wani dattijonmu ya karɓi aikin. Ya cuɗa irin da yashi mai laushi, ya barbaɗa a kan kwami, ya danna da tafin hannu, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa shara-shara, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Mako bai cika da yawa ba sai ga kore ya leƙo. Da ya yi ganye huɗu muka dasa, da tazarar kamu biyu tsakanin gindi da gindi, a kwami shida da ke bakin tsohon tafkin haƙar kuza inda ƙungiya ke da fili. Kimanin wata biyu bayan yafi muka fara tsinka.

Wata rana cikin Afrilu, da tsakar rana, na tsaya tsakanin kwami biyu. A dama latas ɗinmu ne, duk ya yi tsiri, ganyen ya koma kamar kunnen akuya, ba mai saye. A hagu dogon latas ne ya kai mini gwiwa, ya ɗan sunkuyar da ganye saboda rana, da la'asar bayan ban ruwa ya miƙe sarai. Ruwa ɗaya suka sha, taki ɗaya suka ci. Tun ranar na san ba mu yi wahalar banza ba.

Babban bambancinsa da namu shi ne yadda ake ɗiba. Namu sau ɗaya ake tugewa, kwami ya zama fili, a koma yafi da dashe. Wannan kuwa daga ƙasa ake tsinkar ganye ana barin na sama, bayan mako a dawo a sami wasu. Gindin da aka dasa a Maris mun ci ganyensa har cikin damina. Waɗanda aka datse wa kai sun yi rassa, sun kuma jinkirta fure.

Ba a rasa matsala ba. Ƙanƙarar farkon damina ta yayyaga ganyen, sai dai cikin mako biyu sababbi sun fito, abin da latas ɗinmu ba ya yi. Iska ta kwantar da dogayen, sai da aka kafa musu sanda aka ɗaure. A Agusta, kwamin da ke gangare inda ruwa ke kwanciya ya mutu ƙurmus, wanda aka yi wa kunya mai tudu kuwa ya tsira. Yana jure ruwan sama, amma ba ya jure zama cikin ruwa. Darɓa ta kama ƙasan ganye sau ɗaya, aka fesa ruwan ganyen dogonyaro da ɗan sabulu ta lafa. Da hunturu ya shigo a Disamba sai girmansa ya ja baya sosai. Wannan bai dame mu ba, don lokacin namu latas ɗin ke ganiyarsa.

Kwamitin mata ne ya ɗauki nauyin gwada shi a tukunya, kuma rahotonsu ya fi nawa daɗin ji. Ƙananan ganyen sama ana cin su ɗanye: a yanka, a zuba garin ƙuliƙuli da tumatir da albasa da ɗan mai, a yi kwaɗo. Manyan na ƙasa suna da ɗaci, ko da yake bai kai na shuwaka ba, kuma in aka tsoma su a tafasasshen ruwa aka tsame, ɗacin na raguwa. Sun zuba shi a gwaten acha tare da yakuwa, sun sa a miyar gyaɗa, sun soya da albasa da ƙwai. Shawararsu ita ce a zuba shi daf da sauke tukunya, don ba ya son wuta. Sun lura kuma cewa wanda aka tsinka da sassafe daga gindin da bai sha ƙishi ba ya fi sauƙin ɗaci. Yara sun fi karɓarsa a dafe. Tsofaffin ganyen da suka wuce ci, zomaye da kaji sun cinye, ba abin da aka zubar.

Abu biyu nake roƙo a nan. Na ji an fara gaya wa masu saye wai yana maganin ciwon suga da hawan jini. Don Allah a bari. Ganye ne na ci, ba mu da hujjar cewa magani ne, kuma in wani ya ajiye maganinsa na asibiti saboda maganarmu, alhakin na wuyanmu. Na biyu, ganyen da za a ci ɗanye kada a ba shi ruwan kwatar cikin gari, kuma a riƙa tuna wa mai saye ya wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

Kasuwa ce ba ta karɓe shi ba tukuna. Mun kai kwando biyu Farin Gada. 'Yan gwari suka juya shi, suka shinshina, wani ya ɗanɗana, suka ce masu saye, latas mai lanƙwasa suka sani, kuma gaskiyarsu. Ga shi yana saurin yaushi in ba a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ba, don haka ban ga zai iya doguwar tafiya a bayan mota ba. Inda ya shiga shi ne unguwa: ƙulli-ƙulli ƙanana da matanmu ke sayarwa a ƙofar gida, musamman a watannin da latas ya yi tsada. Ra'ayina, kuma kwamiti ya amince, shi ne kada kowa ya rage kwamin latas ɗinsa saboda shi. A ɗauke shi abin tukunyar gida da cinikin unguwa, har mutane su san shi.

Saura maganar iri. Furensa ƙanana ne, ruwan ɗorawa, in sun bushe sai su yi farin gashi, iska ta ɗauke. Mun ɗaura tsohon gidan sauro a kan gindin da muka ware, muka kakkaɓe, muka shanya a inuwa, yanzu yana cikin kwalba mai murfi a wurin Ma'aji. Sauran kuwa an sare kawunansu kafin su bushe, don yana shuka kansa, kuma ba ma so ya zame wa maƙwabcin kwami ciyawa.

Abin da aka tsayar na baɗi: duk mai so zai karɓi irin kwami ɗaya kyauta, da sharaɗin ya ware gindi biyu ya dawo wa ƙungiya da iri bayan damina. A yi yafi a Fabrairu don zafi, a sake a Mayu don damina, a kan kunya mai tudu. Dattijon da ya ceto mana yafi na biyu ya yarda zai nuna wa kowa yadda ake yi, a filin ƙungiya, da safiyar Asabar ta farkon Fabrairu. Mai son iri ya ba ni sunansa ranar taro, ya kuma zo da 'yar kwalbarsa busasshiya.

Naku,
Sakataren ƙungiya