Godiya ga masu duba tukwanen kashe gobara na rukunin shagunanmu

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin da ke kula da rukunin shagunanmu a Kano, muna miƙa godiya ga ƙaramin kamfanin da ya karɓi aikin duba mana tukwanen kashe gobara a bana, musamman dattijon da ke jagorantar ma'aikatansu.

Abin da aka saba gani a garin nan sananne ne. Yaro ya zo da tsumma da takardar liƙawa, ya goge ƙura, ya manna sabuwar ranar dubawa, ya karɓi kuɗi. Wasu ma ko ɗaga tukunyar daga ƙugiyarta ba sa yi.

Baba kuwa sai da ya sa aka sauke kowace tukunya aka ɗora a sikeli. Ya yi wa yaran shago bayani cewa tukunyar iskar CO2, mai baƙar alama, ba ta da agogon matsi, don haka nauyi kaɗai ke nuna ko iskar ta zurare. In ta rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da ke ciki, sai an sake cika ta. Masu hoda, masu shuɗiyar alama, allurar agogon matsinsu na iya tsayawa a kan kore, alamar lafiya, alhali hodar ta dunƙule a gindi saboda laima da daɗewa a ajiye. Ya kife ɗaya a kunnen wani yaro ya ce ya saurara: lafiyayyar hoda ana jin gangarowarta, wannan kuwa shiru. Ya cire tiyo ya busa, sai ga gidan zanzaro ya toshe bakin. Ya duba fil da hatiminsa, da robar da ke hana iska fita, da tsatsar gindi. Wadda tsatsa ta ci, ya ƙi cika ta duk da an roƙe shi, domin ƙarfen da ya yi laushi yana iya fashewa a hannun mai riƙe da shi.

Abu biyu ya nanata. Da busasshiyar iskar naitirojin ake matse tukunyar hoda, ba da injin ba taya iska ba, domin iskar injin na ɗauke da danshi. Kuma ba a gauraya hodar ABC da ta BC, wato nau'o'i biyu na hodar kashe gobara, haɗuwarsu na sa su daskare. Ya rubuta mana jadawali bisa ƙa'idar Birtaniya: dubawar ido kowane wata, cikakkiyar dubawa kowace shekara, a juye ta hoda da ta kumfa a sake cikawa bayan shekara 5, ta CO2 kuma a gwada ƙarfin jikinta da matsin ruwa bayan shekara 10. Allah ya saka masa da alheri, ya yi wa kasuwancinsu albarka.

Abin takaici, irinsu ba su da yawa. Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 an yi ta sayen tukwane, amma je ka duba takardun da ke jikinsu yau. Direbobi da yawa suna ajiye ƙaramar tukunya ne don kada jami'an kiyaye haɗurra su tare su, girgizar mota ta daɗe da danƙare hodar. A gidajen mai ma za ka tarar da tukunya an cire mata fil, an ɗaure hannun da waya. Wasu masu cikawar kuma ko sikeli ba su da shi a shagonsu.

Kwamitin kula da shaguna, Kano